Tashe Daban, Sana'a Daban: Yadda Mawaƙi Mai Zaman Kansa Zai Ci Guminsa

A shekarar 2020, lokacin da kullen korona ya tsare mutane a gidajensu, waƙar "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta karaɗe ƙasar Hausa. Ba fim ne ya tallata ta ba, ba kuma shagon mai sayar da faifai ba. Mata ne suka riƙa ɗaukar kansu a waya suna rausayawa a gaban mazajensu, bidiyon yana tashi daga wannan waya zuwa waccan. Bayan shekara biyu Ado Gwanja ya yi irin wannan tashe da "Warr" da "Chass" a TikTok. Duk matashin da Allah ya ba murya, daga Kano zuwa Maraɗi, ya ga cewa yanzu ba sai ya yi kamun ƙafa da kowa ba kafin duniya ta ji shi.

Gaskiya ne, hanya ta buɗe. Sai dai akwai abin da ba a cika gaya wa waɗannan matasa ba: waƙa tana iya shiga kowane gida, mai ita kuma ya kwana bai san inda zai samo kuɗin haya ba. Tashe sa'a ce da ke zuwa ta wuce. Sana'a kuwa ita ce mutum ya san abin da ya mallaka, ya san ta inda kuɗinsa ke shigowa, ya kuma iya maimaita hakan shekara da shekaru.

Daga fada zuwa waya

Mawaƙin Hausa bai taɓa rayuwa da murya kaɗai ba, kullum akwai wani tsari da ke ɗauke da shi. Makaɗan fada irin su Narambaɗa a Isa da Salihu Jankiɗi a Sakkwato suna da ubangida, wanda ci da sutura da abin hawansu ke wuyansa. Mamman Shata bai ɗaure kansa a fada ɗaya ba. Ya yi wa sarki waƙa, ya yi wa attajiri da direba da manomi, abincinsa yana cikin kari da kyautar da ake yi masa a bainar jama'a. Barmani Choge ta riƙe bukukuwan mata da ƙwaryar amada. Ɗan Maraya Jos kuwa da kuntiginsa kaɗai ya zaga duniya, ba tare da ayarin makaɗa a bayansa ba.

A ƙarshen shekarun 1990 fiyano ta shigo situdiyoyin Kano, finafinan Hausa suka zama babbar kasuwar waƙa. A wannan tsari furodusa ne ke sayen waƙa, ya biya sau ɗaya, shi ke nan. Jarumi da jaruma su hau kanta a fim, masu kallo su san fuskarsu, mai muryar kuwa sai wanda ya tsaya karanta sunaye. 'Yan kasuwar Ƙofar Wambai su ne ke buga kaset da faifai su rarraba, don haka su ke yanke farashi. Daga baya mawaƙa irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef suka riƙa fitar da kundi da sunansu, mai murya ya fara fitowa daga bayan labule. Ana cikin haka wayar hannu ta zo da memori, masu tura waƙoƙi suka kafa tebura a bakin kasuwa suna cika wa mutum waya da ɗaruruwan waƙoƙi a kan kuɗi kaɗan, kasuwar faifai ta durƙushe.

Mawaƙin yau ya rabu da ubangida, ya rabu da ɗan kasuwa, amma aikin da suke yi bai tafi tare da su ba, kansa ya dawo. Shi zai nemo kuɗin situdiyo, shi zai biya mai kiɗa da mai ɗaukar bidiyo, shi zai yi talla, shi zai bi bashi. Ma'anar zaman kai ke nan, kuma wanda bai shirya wa wannan ɗawainiya ba zai sha wuya ko da muryarsa ta fi ta kowa.

Dukiya biyu a cikin waƙa ɗaya

Abu na farko da ya kamata kowane mawaƙi ya sani shi ne, a idon doka, waƙar da ake saurare a waya dukiya biyu ce. Akwai ita kanta waƙar, wato baitoci da karin da aka ɗora su a kai, wannan ta wanda ya ƙirƙira ce. Akwai kuma sautin da aka naɗa a situdiyo, wanda mallakarsa ke komawa ga wanda ya ɗauki nauyin naɗar, in ba an yi wata yarjejeniya ba. Mutum yana iya zama shi ya rubuta, shi ya rera, amma sautin da ke kawo kuɗi a intanet na wani ne, saboda wancan ne ya biya situdiyo.

Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta kare waƙa tsawon rayuwar mai ita da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa. Sautin da aka naɗa kuma tana kare shi shekara 50. Shata ya rasu a 1999, ke nan waƙoƙin da ya ƙirƙira suna ƙarƙashin kariya har zuwa ƙarshen 2069. Na Ɗan Maraya, wanda ya rasu a 2015, sai 2085. Wannan ya nuna waƙa gado ce da jikoki za su iya ci. Wanda ya sayar da ita ɗungurungum don ya biya buƙatar mako ɗaya, gonar ya sayar, alhali amfanin gonar kaɗai ya kamata ya kai kasuwa. Yana iya ba mai fim izinin amfani da waƙa a fim ɗaya, ko ya ba kamfani izinin talla da ita na shekara ɗaya, mallaka kuma tana nan a hannunsa.

Haƙƙin yana tabbata ne da zarar an rubuta ko an naɗi waƙar, ba sai an yi rajista ba, ko da yake Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya, NCC, tana da tsarin rajista da ke zama hujja ranar da rigima ta taso. Akwai kuma ƙungiyoyin da ke karɓar wa mawaƙa kuɗi daga gidajen rediyo da talabijin da otal-otal da ke amfani da waƙoƙinsu. A Nijeriya MCSN ce ke da lasisin wannan aiki, a Nijar kuma BNDA. Wanda bai shiga cikinsu ba, da wuya kuɗinsa ya iso gare shi.

Lissafin intanet

Matasa da yawa suna zaton duk saurare ɗaya yana da tsayayyen farashi. Ba haka abin yake ba. Spotify, wanda ya shigo Nijeriya a watan Fabrairun 2021, yana tara kuɗin da ya samu a kowace ƙasa, ya ware kusan kashi biyu cikin uku domin masu haƙƙi, sannan ya raba gwargwadon yawan sauraron da kowa ya samu. Kuɗin wata a Nijeriya bai kai dala 2 ba, a Amurka kuwa ya haura dala 10, don haka saurare dubu daga Kano ba ya yin daidai da saurare dubu daga can. Tun 2024 ma waƙar da ba ta samu saurare 1,000 cikin wata 12 ba, ba a lissafa ta a rabon. Kamfanin ya ce mawaƙan Nijeriya sun samu sama da naira biliyan 58 a wurinsa a 2024, amma yawancin masoyan waƙar Hausa ba a can suke ba. Suna YouTube da Audiomack da Boomplay da TikTok, wasu kuma har yanzu tura musu ake yi daga waya zuwa waya.

YouTube ya fi dacewa da masu sauraronmu, kuma sharuɗɗansa a bayyane suke. Kafin tasha ta fara cin kuɗin talla sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda. Daga nan mai tasha yana samun kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan dogon bidiyo, ana kuma fara biya idan kuɗin ya kai dala 100. A nan ne mawaƙa da yawa ke yin asara da hannunsu. Saboda ƙishirwar a ji su, sai su miƙa sabuwar waƙa ga mai babbar tasha ya ɗora, kallo ya taru a can, mabiya su ƙaru a can, kuɗi su shiga can. Gara mutum ya gina tasharsa a hankali, ko da za ta shekara biyu kafin ta kawo ko sisi.

Su Spotify da Apple Music ba sa karɓar waƙa kai tsaye daga hannun mawaƙi, sai ta hanyar kamfanonin rarrabawa irin su DistroKid da TuneCore da CD Baby. Wanda bai iya ba yana iya neman taimako, amma a buɗe asusun da sunansa, da imel ɗinsa, da lambar bankinsa. Duk wanda ke riƙe da lambar sirrin asusu, shi ke riƙe da kuɗin.

Inda abinci yake a yau

Ga yawancin mawaƙan Hausa, intanet talla ce kafin ta zama albashi. Kuɗin cefane suna fitowa ne daga waƙar amarya da ango, da wasa a kamu ko dina inda ake liƙi, da wasannin sallah, da tallan kamfanoni da makarantu, da waƙar fim, da gayyata zuwa Yamai ko Damagaram ko zangon Kumasi. Mai hankali ba ya raina ko ɗaya daga ciki, ba ya kuma jingina da guda ɗaya. Bukukuwa suna tsayawa cikin azumi, siyasa tana da kakarta, saboda haka abin da aka samu lokacin ciniki shi zai riƙe gida lokacin da kasuwa ta yi sanyi. Wanda ke da ɗinki ko shago ko aikin koyarwa kada ya yi gaggawar ajiyewa don waƙa ɗaya ta karɓu. Wanda kuma ya koyi haɗa kiɗa da tace murya a kwamfuta ya rage wa kansa kashe kuɗi, ya kuma samu sana'a ta biyu.

Waƙar siyasa ita ta fi kawo kuɗi a dunƙule, ita kuma ta fi haɗari. Dauda Kahutu Rarara ya nuna irin nisan da mutum zai iya yi da ita, amma a watan Maris na 2023, bayan sanar da sakamakon zaɓen gwamnan Kano, wasu ɓata-gari sun cinna wa gidansa wuta. Matashin da zai shiga wannan fage ya sani cewa rabin masu sauraronsa na iya juya masa baya a rana ɗaya.

Haka nan akwai hukuma. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana da hurumi a kan waƙoƙi, kuma an taɓa gurfanar da Aminu Ala a 2009 da Naziru M. Ahmad a 2019 bisa zargin sakin waƙa ba tare da an tace ba. Ko mutum ya gamsu da tsarin ko bai gamsu ba, sanin dokar jihar da yake aiki a cikinta wani ɓangare ne na sana'arsa.

A rubuta

Mafi yawan rigingimun da ke raba mawaƙi da mai kiɗa, ko mawaƙi da manaja, ba daga mugunta suke farawa ba. Daga kunya suke farawa. Abokai ne, unguwarsu ɗaya, don haka kowa yana jin nauyin tayar da maganar kuɗi. Sai waƙa ta yi tashe, kowa ya tuna alkawarin yadda ya fi masa daɗi. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu. Dokar ƙasa ma ba ta amincewa da sayar da haƙƙin mallaka sai a rubuce.

Takardar ba sai ta yi tsawo ba. Kafin a bar situdiyo a rubuta wanda ya yi baitoci, da wanda ya yi kiɗa, da wanda ya biya kuɗi, da kason kowa. A fayyace ko mai kiɗa an sallame shi ne gaba ɗaya ko yana da rabo a abin da zai shigo nan gaba. 'Yan amshi su ma a faɗi nasu. In wani kamfani ya zo da tayin ɗaukar nauyi, a duba shekara nawa yarjejeniyar za ta yi, wa zai mallaki sautin, kuma kuɗin da aka bayar a farko kyauta ce ko bashi ne da za a cire daga ciniki. Yawanci bashi ne. Kuɗin da lauya zai karɓa ya karanta shafi uku bai kai asarar waƙoƙin shekara biyar ba. Rashin rubuta yarjejeniya ya fi shafar mata mawaƙa, waɗanda sau da yawa ake kira su ɗora murya a biya su na ranar, waƙa ta shekara tana kawo kuɗi ba ko sunansu a jiki.

Duk wannan lissafi ba zai yi amfani ba in babu waƙar da ta cancanci a kare. Jami'ar Ahmadu Bello ba don yawan kari ta ba Shata digirin girmamawa a 1988 ba, sai don abin da ke cikin waƙoƙinsa na harshe da hikima da sanin halin mutane. Matashin da ke son ya daɗe sai ya saurari magabata, ya san Hausa har cikin ɓargonta, ya kula da muryarsa, ya fitar da aiki a kai a kai ba tare da jiran ranar da sa'a za ta faɗo ba. Mu masu saurare ma akwai namu. In muna son waƙar wani, mu neme ta a tasharsa, mu biya kuɗin shiga wasansa, mu biya shi cikakken haƙƙinsa idan ya yi mana waƙar biki. Manyan mawaƙan da suka riga suka tsallake kuma su zaunar da na bayansu su koya musu karanta yarjejeniya kamar yadda suke koya musu hawa kiɗa. Da haka ne waƙa za ta zama sana'ar da uba zai yarda ɗansa ya shiga, ya kuma tabbata zai riƙe iyali da ita har tsufansa.