Bayan shanyewar ɓarin jiki: rashin himma alama ce da bai kamata a raina ba

Sau da yawa wanda ya tashi daga ciwon shanyewar ɓarin jiki, wato AVC a bakin likitoci, yakan fara takawa, magana ma ta dawo, amma sai ya wuni zaune shiru. Ba ya tambayar kasuwa ko gona, ba ya neman ƴan uwa, ko wanka sai an matsa masa. Iyali kan ce zuciyarsa ce ta mutu. Likitoci kuwa suna kiran wannan hali apati, kuma bincike ya nuna yana samun kusan mutum 1 cikin 3 na waɗanda suka yi AVC.

Apati ta bambanta da ciwon damuwa. Mai damuwa yana cikin baƙin ciki, mai apati kuwa sau da yawa babu abin da ke damunsa, himmar fara abu ce ta gushe. Dalili shi ne ciwon ya taɓa jijiyoyin da ke haɗa gaban ƙwaƙwalwa da sassanta na can ciki. Waɗannan jijiyoyi ne kuma ke taimaka wa mutum wajen tsara aiki da maida hankali. Shi ya sa masu apati suka fi fuskantar raunin tunani da mantuwa daga baya. Sun kuma fi jinkirin murmurewa, domin ba sa dagewa kan motsa jiki da shan magani.

Masu bincike suna neman alamun wannan haɗari a cikin jini. Akwai CRP, sinadarin da hanta ke fitarwa idan akwai kumburi a jiki. Akwai homosistin, wanda ke hawa idan bitamin B12 ko B9 ya yi ƙaranci, kuma yawansa na da alaƙa da lalacewar ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa. Akwai kuma NfL, wanda ke ƙaruwa a jini idan jijiyoyin ƙwaƙwalwa suka ji rauni. An lura cewa yawan waɗannan sinadarai yakan zo tare da raunin tunani bayan AVC.

Sai dai gwajin jini kaɗai ba ya yanke hukunci. Zazzaɓin cizon sauro ma yana ɗaga CRP, shi kuwa NfL an fi auna shi a cibiyoyin bincike. Abin da likita ya fi dogara da shi shi ne bayanin iyali da gwajin tambayoyi irin MoCA, mai maki 30, da ake yi cikin kimanin minti 10.

Don haka idan aka ga wannan canji, a faɗa wa likita maimakon a yi wa majinyaci faɗa. A tsara masa ƙananan ayyuka na kullum, a riƙa sa shi cikin hira, a kuma kula da hawan jini da ciwon suga, domin suna cikin manyan abubuwan da ke ci gaba da lalata jijiyoyin ƙwaƙwalwa.