Farin Hayaƙi A Salansar Motar Gas: Abin Da Direba Zai Duba Kafin A Kwance Masa Inji

Daga Wakilinmu a Garwa

Duk ranar Lahadi, tun kafin gari ya gama wayewa, motoci kan fara kwararowa garin Pitowa domin cin kasuwar mako. Garin yana kan babbar hanyar da ta tashi daga Garwa ta nufi Figil da Marwa, tazararsa da Garwa ba ta kai kilomita 20 ba. Akasarin motocin da ke ɗauko hatsi da gyaɗa da albasa da dabbobi zuwa wannan kasuwa masu shan gas ne, wato man da a nan Kamaru aka fi sani da gazuwal: Hilux da Land Cruiser, bas-bas ƙirar Hiace da Coaster, da tsofaffin manyan motocin Marsandi. Idan lokacin hunturu ne, daga Disamba zuwa Janairu, sai ka tarar da tasha ta turnuƙe da farin hayaƙi da sassafe. Lokacin kuma ya yi daidai da kakar auduga, sa'ad da manyan motoci ke jigilar kaya zuwa injinan gurzar kamfanin Sodecoton, kowa na neman ya yi lodi ko sau ɗaya ne fiye da na jiya.

Direbobi sun kasu gida biyu a kan wannan hayaƙi. Wasu da sun gan shi sai hankalinsu ya tashi, su garzaya gareji, a ce musu gasket ya ƙone, a kwance kan inji a kan matsalar da watakila ba ta wuce ta hita guda ɗaya ba. Wasu kuma su ce ai sanyi ne, su ci gaba da lodi har ranar da inji zai tsaya cak a tsakiyar daji. Dukkansu suna asara, kuma dalilin ɗaya ne: farin hayaƙi ba ciwo ɗaya ba ne. Ruwa na kawo shi, ɗanyen man da bai ƙone ba na kawo shi, wani lokaci ma baƙin mai ne. Direba zai iya rarrabe su da idonsa da hancinsa tun kafin a ɗauko sifana.

Injin gas ba ya aiki da fulogi kamar na fetur. Fistin ne ke matse iska a cikin silinda, sau goma sha biyar zuwa ashirin da wani abu, har ta yi zafin da ya haura digiri 500, sannan nozul ya feso mai kamar raɓa, man ya kama da kansa. Saboda haka abu uku ake bukata: isasshen zafi, fesa mai laushi, da kuma fesar ta zo a daidai lokacinta. Idan ɗaya ya kuskure, man ba zai ƙone ba, sai ya fita ta salansa yana fari fat.

Mafi sauƙi shi ne tururin safe. Ƙonewar mai kanta tana haifar da ruwa, kuma idan salansa ta kwana da sanyi sai ya fito kamar numfashin mutum a cikin hunturu. Ba shi da kauri, ba ya yin nisa yake ɓacewa, kuma da inji ya ɗauki zafi shi ke nan. Wannan ba ya bukatar ko sisi.

Hayaƙin ɗanyen mai kuwa ba ya ɓuya. Yana da warin gas, yana sa ido yaji har da hawaye, yana kuma daɗewa a iska. Idan da safe kaɗai yake zuwa, mota tana wahalar tashi, tana kakkarwa na minti ɗaya ko biyu sannan ta daidaita, to a fara zargin hita, waɗannan ƙananan ƙarafa da ke ɗumama silinda kafin a murza makulli, waɗanda makanikan da suka yi koyo da Faransanci ke kira buji. A Garwa, inda zafi kan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, mota za ta iya shafe wata tara da mataccen hita ba wanda ya sani, sai sanyin Disamba ya tona asiri. Idan kuwa inji ya yi zafi hayaƙin bai tafi ba, magana ta koma kan nozul da ke ɗiga maimakon fesawa, ko famfon injekta da saitinsa ya yi latti, ko filtar mai da ta toshe, ko iskar da ke shiga ta wani tiyo da ya tsage. Na ƙarshe a layi, kuma mafi tsada, shi ne ringi ko bawul sun cinye har inji ya kasa matse iska. Alamar wannan ita ce hayaƙi yana busowa da ƙarfi ta wurin zuba baƙin mai idan an buɗe murfin.

A nan ne maganar man da muke zubawa ta shigo. Duk wanda ke zaune a arewacin Kamaru ya san zuwa-zuwa, man bumburutun da ake shigowa da shi daga Nijeriya ana sayarwa a kwalabe da jarkoki a bakin titi. Galibinsa fetur ne, kuma cire tallafin da gwamnatin Nijeriya ta yi a watan Mayun 2023 ya taɓa kasuwarsa, amma gas ma ana samunsa a jarka. A nan gida kuma gwamnati ta ɗaga farashin litar gazuwal daga sefa 575 zuwa 720 a watan Fabrairun 2023, sannan zuwa 828 a Fabrairun 2024, alhali a duka ƙarin biyu an bar kananzir a kan sefa 350. Ba sai an yi wa mai karatu dogon bayani ba: tazarar da ta kusa sefa 500 a kowace lita gayyata ce ga mai son zuciya ya haɗa biyun. Kananzir ba shi da santsin gas, don haka yana cinye famfo da nozul a hankali, kuma yana jinkirin kamawa idan inji da sanyi. Haka nan jarkar da aka sa fetur jiya aka sa gas yau, ko durom ɗin da ya kwana a waje da damina ruwa ya shige shi. Ba ina cewa duk mai sayar da mai a bakin titi maha'inci ba ne, da yawansu abinci suke nema, kuma a ƙauyuka da dama su ne gidan man. Amma direban da motarsa ta fara farin hayaƙi sa'a guda bayan ya sha mai, ya fara tambayar kansa inda ya sha. Gwajin ba wuya: a tsiyayi man a farar kwalba a ajiye, idan da ruwa zai kwanta a ƙasa. Yawancin waɗannan motoci suna da ɗan famfo a gindin filtar mai wanda aka yi shi musamman don zubar da ruwan, amma za ka samu direba ya shekara bai taɓa murɗa shi ba.

Wanda ya fi kowane haɗari shi ne hayaƙin ruwan lagireto. Tsakanin kan inji da gangar jikinsa akwai gasket, wanda a garejojin Garwa za ka ji ana ce masa juwan kilas. Aikinsa raba wuta da ruwa da baƙin mai, kowa ya bi hanyarsa. Idan inji ya yi zafi fiye da kima, gasket ɗin kan ƙone, ko kan injin ya lanƙwashe ko ya tsage, sai ruwa ya riƙa zurara cikin silinda yana fita a tururi mai kauri wanda ba ya tsayawa ko an yi tafiyar kilomita 50. Littattafan Turawa kan ce a shinshina, wai za a ji ƙanshi mai zaƙi-zaƙi. Wannan ƙanshin na koren ruwan sanyaya inji ne da ake sayarwa a galan. Mu da yawanci ruwan rijiya ko na Binuwai muke ɗurawa, ba wani ƙanshi da za mu ji, don haka rashin wari shi kansa alama ce: hayaƙi fari, mai yawa, ba ya sa ido yaji.

Sauran alamomin a lagireto suke. Ruwa yana raguwa kullum amma ba inda yake ɗiga a ƙasa. Da safe, inji da sanyi, a buɗe murfin lagireto a tayar da mota. Idan kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa, iskar silinda ce ke shiga ruwa. Kada a kuskura a buɗe murfin nan inji da zafi, mutane da yawa sun sha ƙuna a fuska da ƙirji ta haka. A zaro sandar awon baƙin mai a duba, idan ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya gauraya da shi. Idan kuma da safe sitata ta ɗan cije kafin ta juya, to ruwa ya kwana a kan fistin. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, ranar da ya yi yawa sai ƙarfen da ke riƙe da fistin ya lanƙwashe ko ya fasa gangar injin. Daga nan maganar gasket ta ƙare, an koma neman inji na hannu daga Duwala. Motar da ta nuna waɗannan alamu, a ajiye ta, ko da an riga an karɓi kuɗin lodi.

Abin takaici shi ne yawancin wannan ɓarna da hannunmu muke jawo ta. Ruwan rijiya yana barin tsatsa da farin dutse a cikin lagireto har hanyoyinsa su toshe, kamar yadda yake yi wa buta. Ga al'adar cire tamostat da zarar mota ta iso, wai ƙasarmu da zafi ba ta bukatarsa, alhali shi ke riƙe inji a zafin da ya dace, kuma injin da ba ya kai zafinsa ya fi yin hayaƙi da shan mai. Ga lodin da ya wuce ƙa'ida, a ɗauki hanyar Ngaundere da tsakar rana a watan Afrilu, a hau dutsen Falez da fanbel sako-sako, agogon zafi kuma ya mutu tun bara.

Akwai kuma hayaƙin da fari ne amma da ratsin shuɗi, mai warin ƙonannen baƙin mai. A motoci masu tobo, sau da yawa tobon ne ke zubar da mai cikin inji. Idan abin ya yi tsanani inji kan fara shan baƙin mansa, ya riƙa ruri ko an zare makulli. A irin wannan hali sai a taka birki, a sa babban giya a saki kulochi, ko a toshe bakin shan iska da katako, ba da tafin hannu ba.

Makaniki nagari daga mai araha yake farawa: ya duba mai da filta, ya gwada hita ɗaya bayan ɗaya, ya kai nozul wurin masu injin gwaji a ga yadda suke fesawa, ya duba saitin famfo, ya sa agogon awon matsi. Kwance kan inji shi ne na ƙarshe, kuma idan an kwance a tabbata an kai shi an auna lanƙwasa da tsaga, in ba haka ba sabon gasket ba zai yi wata biyu ba. A tsofaffin injuna kamar 3L da 5L na Toyota, akan sassauta bututun nozul ɗaya bayan ɗaya don gano silindar da ba ta aiki. Wannan dabara ba ta halatta a sababbin injuna irin D-4D masu kwamfuta ba, domin matsin man da ke cikinsu ya haura baa 1,000, yana iya huda fatar mutum. Su sai da na'urar bincike, kuma suna da wata ƙofar da ruwa ke bi ya shiga inji, wato na'urar sanyaya hayaƙin da ake mayarwa ciki, wadda idan ta huje alamunta sak na gasket ne.

Su ma masu zama a tasha abin ya shafe su. Tun shekarar 2012 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin gas cikin abubuwan da ke haddasa cutar dajin huhu, ga shi kuwa masu shayi da mata masu ƙosai a bayan motocin suke kafa teburansu kowace safiya.

Mai niyyar sayen mota ta hannu a wannan kaka, ya nemi a tayar masa da ita da asuba, bayan ta kwana. Idan ya iso ya ɗora hannu a kan inji ya ji da ɗumi, to mai ita ya riga shi tashi, sai ya ce zai dawo gobe.