Zubar gashi ga masu shan maganin maƙoƙo: laifin ƙwaya ne?

A wurin kitso ake fara gane abin. Makitsiya ta tsefe kai, sai a ga mataji ya cika da gashi. In mai kan tana shan maganin ciwon maƙoƙo, nan take a ɗora wa ƙwayar laifi, wata ma ta daina sha. A nan ne muke son jan hankalin 'yan uwa mata na kasuwannin Maradi, Damagaram da Tawa.

A gaban wuya akwai wata tsoka da likitoci ke kira tiroyid, ita ce ke kumbura ta zama maƙoƙo. In aikinta ya yi ƙasa, ko ya wuce kima, gashi na zuba ta ko'ina, wani lokaci har gefen gira. Ke nan sau da yawa cutar ce da kanta, ba maganin ba. Kuma gashi yana da jinkiri: abin da ya taɓa shi yau, sai bayan wata 2 ko 3 ake ganin zubarsa, daidai lokacin da mace ta fara shan Levothyrox. Gaskiya ne ƙwayar kan ƙara zubar a watannin farko, amma galibi abin yana lafawa. In ya ƙi, wataƙila awon maganin bai dace ba. Gwajin jini na TSH, mako 6 zuwa 8 bayan an canza awo, shi ke nunawa.

Yadda ake sha ma abin dubawa ne. Da ruwa zalla, ciki ba komai, a jira aƙalla rabin awa kafin koko, kafe ko fura da nono. Ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa a awon ciki tana hana shi shiga jiki, sai a raba su da awa 4. Zafi kuma yana rage masa ƙarfi, balle wanda ya yini a kan faranti cikin ranar bazara. A saye shi a farmasi.

Kada kuma mu manta da sauran dalilai: ƙarancin jini, jego, zazzaɓi mai tsanani, man miƙar da gashi, da kitso mai ɗaurin tsiya da ke cinye gaban goshi.

Wadda ta ajiye ƙwayar, kasala, kumburi da jin sanyi za su dawo, gashin ma ya ci gaba da zuba. In mai ciki ce, haɗarin ya shafi har ƙwaƙwalwar jaririn.