Yadda Sabon Ɗan Barkwanci Ke Goge Zancensa

Barkwancin dandamali sana'a ce ta mutum ɗaya da makirufo, ba makaɗi, ba abokin wasa. A Amurka, inda ta yi ƙarfi, sabon shiga kan fara ne a ƙananan kulob, a daren da ake bai wa kowa dama, galibi minti 5 kacal.

A nan ake gwaji. Yakan naɗi muryarsa a waya, ya koma gida ya saurara: ina aka fashe da dariya, ina aka yi tsit? Sai ya rage doguwar shimfiɗa, ya kai kalmar da ke jawo dariya ƙarshen zance, ya koyi dakatawa har dariyar ta lafa. Zance ɗaya kan sha gyara watanni kafin ya nuna.

Manya ma ba su fi ƙarfin wannan ba. Fim ɗin Comedian na 2002 ya nuna Jerry Seinfeld, bayan ya ajiye tsofaffin barkwancinsa, yana bin ƙananan wurare irin su Comedy Cellar a birnin Niyok, yana gina sababbi daga tushe.

Don haka idan ka ga matashi yana fama gaban mutum goma, saurare shi da kyau. Dariyarka da shirunka su ke nuna masa inda zai gyara.