Koyar da Lissafi da Jadawalin Kwamfuta a Ƙaramar Sakandare: Gurbin Harshen Hausa

1.0 Gabatarwa

Yaron da ya tashi a Hunkuyi ko Likoro, cikin Ƙaramar Hukumar Kudan, yakan iya lissafi tun kafin ya iya rubuta sunansa. Shi ake aike kasuwa ya dawo da canji daidai, shi ke ƙirga kwandunan tumatir a bakin fadama, kuma ya san idan an ce dami goma na rake dubu uku-uku ne, to dubu talatin ke nan. Abin mamaki shi ne, wannan yaron da ba a iya cutarsa a ciniki, da zarar ya shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare aka rubuta masa harafi a madadin adadi, sai ya yi turus. Wannan babi zai duba yadda za a yi amfani da jadawalin lissafi na kwamfuta wajen cike wannan giɓi, da kuma rawar da harshen Hausa ke takawa a cikin aikin. Batun ya shafi ɗalibin Hausa kai tsaye, domin a makarantun karkara ba kasafai ake barin malami a kan darasinsa kaɗai ba, kuma ko an bar shi, shi ne wanda malamin lissafi zai tuntuɓa idan kalma ta ƙi fassaruwa.

1.1 Abin da manhaja ta tanada

An ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato a shekarar 1999, aka yi masa doka a 2004. A ƙarƙashinsa ne aka haɗe shekara shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare suka zama ilimin tushe na shekara tara. Manhajar da Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Nijeriya ta fitar a 2007 ta kasa lissafin wannan mataki zuwa manyan jigogi: adadi da ƙirga, tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa, aljabara, awo da siffofi, sai ƙididdigar yau da kullum. Ta kuma sa ilimin kwamfuta cikin darussan da za a koyar. Sai dai a aikace darussan biyu sukan zama kamar kishiyoyi, kowa da ɗakinta. Malamin kwamfuta na zana hoton linzami a allo, malamin lissafi na fama da aljabara a aji na kusa, babu mai leƙa wani.

1.2 Mene ne jadawalin kwamfuta?

Jadawalin kwamfuta shafi ne da aka tsaga da layuka na tsaye da na kwance, kamar rijistar aji. Layukan tsaye suna ɗauke da haruffa, A, B, C, na kwance kuma suna ɗauke da lambobi. Inda biyun suka haɗu shi za a kira gida a wannan babi, kuma kowane gida da sunansa, kamar B2 ko C5. A cikin gida ana iya rubuta kalma, ko adadi, ko ƙa'ida. Ƙa'ida umarni ce da ke farawa da alamar daidai. Idan aka rubuta =B2*C2 a gidan D2, an umarci na'ura ke nan ta ninka abin da ke B2 da abin da ke C2 ta ajiye amsa a D2. Da zarar an sauya adadin da ke B2, amsar D2 za ta sauya da kanta. A wannan sauyawar amfanin jadawali ga malami yake.

Na farkon irinsa da ya yi fice shi ne VisiCalc, wanda Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar a Amurka a 1979. Lotus 1-2-3 ya biyo baya a 1983, sannan Excel na kamfanin Microsoft a 1985. Akwai kuma LibreOffice Calc wanda ake samu kyauta, kuma ana iya buɗe jadawali a wayar hannu ta zamani. Ga 'yan kasuwa da akantoci aka ƙirƙire shi tun asali, daga baya malamai suka gano amfaninsa.

1.3 Hausar lissafi da rubutun ƙa'ida

Na'ura ba ta karɓar umarni sai an tsara shi bisa jerin da ta sani, yaro kuwa da Hausa yake tunani ko da da Ingilishi ake koyar da shi. Saboda haka rubuta ƙa'ida fassara ce, kuma tana da tarkunan da kowace fassara ke da su.

A ɗauki jimlar "ɗebe uku daga bakwai". A baki, uku ne ya fara fitowa, amma a ƙa'ida bakwai ne ke gaba, wato =7-3. Yaron da ya bi jerin maganarsa zai rubuta =3-7, na'ura ta ba shi -4. Malami mai gaggawa zai ce ya yi kuskure ya wuce. Malamin da ya san aikinsa kuwa zai tsaya a nan, domin ƙofa ce ta buɗe zuwa ga adadin da ke ƙasa da sifili: mai naira uku da ya ci kayan naira bakwai, bashin naira huɗu ya hau kansa. Hausa tana da wata hanyar da jerinta ya dace da na na'ura, ita ce ta "ashirin ba biyu" ko "ɗari ba ɗaya", inda babban adadi ke fara zuwa. Da ita ya kamata a fara.

Haka nan ninki irin na "biyar-biyar" da "dubu uku-uku". Masana nahawu suna kallonsa a matsayin hanyar nuna rabo ga kowane ɗaya, amma a lissafi shi ne farashin ɗaya, kuma duk inda ya fito to akwai ninkawa ko rabawa a kusa. Yaron da aka nuna wa cewa "kwando sittin, dubu huɗu-huɗu" ita ce =60*4000 ya sami mabuɗin da zai yi masa aiki a tambayoyi masu yawa.

Ta fuskar ɓangarorin adadi, Hausa ba ta da talauci ko kaɗan. Akwai rabi, da sulusi, da rubu'i ko kwata, da humusi, da sudusi, da sumuni, da ushuri, yawancinsu aro daga Larabci ta hanyar karatun zakka da rabon gado. Ɗalibin da ya yi makarantar allo ko Islamiyya ya taɓa jin su. Abin lura shi ne, idan aka rubuta 1/2 kai tsaye a gida, wasu jadawalan sukan ɗauka kwanan wata ake nufi. Sai an rubuta =1/2 sannan a ga 0.5. Sulusi kuwa zai fito 0.3333 ne, ukun ba su ƙarewa, wanda shi ma darasi ne mai zaman kansa. Wani ƙaramin abu da malamin Hausa zai fi kowa saurin ganowa shi ne, haruffan layukan tsaye na abacadan Ingilishi ne: babu ɓ da ɗ da ƙ, ga kuma P da Q da V da X waɗanda ba sa cikin abacadan Hausa. Gara a faɗa wa yara wannan tun ranar farko.

1.4 Gonar tumatir a matsayin darasin aljabara

Yankin Kudan da Maƙarfi da Ikara ƙasar noman rani ce, ta rake da tumatir da tattasai, don haka ba a buƙatar zuwa nesa neman misali. Alƙaluman da ke biye ƙagaggu ne domin darasi, kuma ya fi kyau malami ya sa yara su tambayo na gaskiya daga gida.

A ce manomi ya kashe naira 20,000 a iri, 90,000 a taki, 60,000 a man injin ban-ruwa, 70,000 a ƙwadago. Yara za su jera waɗannan a gidajen B1 zuwa B4, su tara su a B5, a sami 240,000. Ya sami kwando 60, a sa a B6. Farashin kwando ɗaya a sa a B7. Riba kuma a B8, da ƙa'idar =B6*B7-B5. Daga nan sai malami ya ja da baya ya bar yara su yi ta sauya B7. Idan kasuwa ta cika kwando ya faɗi zuwa 3,000, B8 zai nuna -60,000, wato faɗuwa. Idan kaya suka yi ƙaranci ya kai 9,000, riba ta zama 300,000, kashi 125 cikin ɗari na uwar kuɗi. Sai a jefa musu tambaya: a wane farashi ne manomin zai tashi ba riba ba faɗuwa? Za su gwada 5,000 su ga ya yi yawa, su gwada 3,500 su ga bai kai ba, har su dira a kan 4,000.

Bayan sun same ta da gwaji ne malami zai koma allo ya rubuta 60x - 240,000 = 0. A wannan lokaci harafin ba baƙo ba ne, gidan B7 ne da suka yini suna sauyawa. Kuskuren da aka saba yi shi ne a fara da harafin, a ƙare da misalin in lokaci ya rage. Ana iya zurfafa darasin a ajin gaba da cewa kowane kwando yana cin naira 500 na mota zuwa kasuwa. Farashin fita kunya zai koma 4,500, kuma yara za su ga dalilin baka biyu a 60(x - 500). Yaron da ya fahimci wannan yana iya zama da mahaifinsa kafin dillali ya iso.

Ƙididdiga ma haka take. A ba su cinikin yini na 'yan kasuwa biyar: 2,000 da 2,500 da 3,000 da 3,500 da 39,000. Matsakaicin da na'ura za ta fitar 10,000 ne, alhali huɗu daga cikinsu ko rabin haka ba su samu ba. Adadin tsakiya, wato 3,000, shi ya fi faɗin gaskiya. A sa su rage 39,000 ɗin su ga wanne ke motsi, wanne ke tsaye.

1.5 Hatimi

Jadawali mai gidaje da adadi ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Malamin nan Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi ya rubuta littafi da Larabci a kan hanyoyin tsara hatimi mai gidaje mara a 1732, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Masu tarihin lissafi suna ambatonsa har yau. Ta fuskar lissafi zalla, hatimi mai gida tara jeri ne na adadi daga 1 zuwa 9 wanda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, ke ba da jimla ɗaya: 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa.

Malami ba zai ba da wannan amsa ba. Zai sa yara su rubuta ƙa'idojin tarawa guda takwas a gefen gidajen tara, kamar =A1+B1+C1, sannan su yi ta musanya adadi har jimlolin su daidaita. Na'ura ta ɗauke musu wahalar tarawa, ta bar musu tunani. Me ya sa jimlar 15 ce? Domin 1 zuwa 9 sun tashi 45, layi uku kuma suka raba. Me ya sa biyar ne kullum a tsakiya? Layuka huɗu ne ke ratsa tsakiya, jimlarsu 60. Sun taɓa kowane gida sau ɗaya, na tsakiya kuwa sau huɗu, saboda haka rarar 15 da ke kan 45 ninki uku ce ta gidan tsakiya. Wannan hujja ce cikakkiya, kuma ɗan aji biyu na iya bin ta da Hausa daga farko har ƙarshe.

1.6 Inda na'ura ɗaya ce, ko babu

Makarantu da yawa a karkara ba su da wutar da za a dogara da ita, wasu kuma suna da na'urorin amma ɗakin a kulle yake don tsoron lalacewa. Wannan ba ya hana darasin. A zana jadawalin a allo da alli, a ba kowane yaro gida ɗaya ya zama shi ne B5 ko B8, ya riƙe ƙa'idarsa a takarda. Idan mai B7 ya faɗi sabon farashi, duk wanda ƙa'idarsa ta dogara da shi sai ya sake lissafi ya miƙe ya faɗa. Bayan haka kwamfutar tafi-da-gidanka ɗaya, ko wayar malami, ta isa a nuna wa rukuni-rukuni cewa abin da suka yi shi na'ura ke yi.

Haɗarin da ya fi rashin wuta girma shi ne yaro ya ɗauki duk abin da allon na'ura ya nuna a matsayin gaskiya. Idan ya buga harafin O a madadin sifili, ko ya ƙara sifili ɗaya a kuɗin taki, amsa za ta fito a gurguje kuma a karkace. Idan ya rubuta =2+3*4 yana jiran 20, zai ga 14, domin na'ura tana fara ninkawa kafin tarawa. Don haka a kafa doka a aji cewa babu mai danna maɓalli sai ya rubuta kintacensa a littafi, kuma a wajen auna fahimta a riƙa ba da maki ga bayanin ƙa'ida da baki, da Hausa ko da Ingilishi, fiye da adadin da ya fito.

1.7 Aiki

Kowane ɗalibi ya tsara darasin minti arba'in ga aji ɗaya na ƙaramar sakandare a kan riba da faɗuwa, ya yi amfani da sana'ar dafa mazarƙwaila ko wata sana'a ta garinsu. Ya nuna gidajen jadawalin da ƙa'idojinsu, ya kawo jimloli biyar na Hausa da yara za su mayar zuwa ƙa'ida, biyu daga ciki su kasance waɗanda jerin kalmominsu ya saɓa wa jerin na'ura.