Koriyar Ƙaguwa: Baƙuwar Da Ta Shiga Gari Sau Biyu

A gaɓar tekun Atlantika, daga Norwe har zuwa Muritaniya, akwai wata ƙaguwa da faɗinta bai kai tafin hannu ba, wadda masana ke kira Carcinus maenas, jama'a kuwa suna ce mata koriyar ƙaguwa. A gidansu ba ta da wani abin tsoro, domin akwai kifaye da tsuntsaye da cututtukan da ke rage yawanta. Amma duk inda ta sauka a baƙunci, sai ta zame wa masu gida alaƙaƙai. Tana jure zafi da sanyi da ƙarancin gishiri, kuma mace ɗaya na iya ɗaukar ƙwai har 185,000 a lokaci guda.

An fara ganinta a gabashin Amurka a shekarar 1817, bayan da jiragen ruwa suka tsallako da ita daga Turai. Daga nan ta riƙa bin duwatsun gaɓa tana yin arewa sannu a hankali, har ta isa Kanada wajen 1950. A wannan zamani ne masunta a jihar Maine suka ɗanɗana kuɗarsu, domin ta cinye musu wata dabbar ruwa mai ɓawo biyu da suke haƙowa daga laka suna sayarwa. Sai dai da ta kai kudancin lardin Nova Scotia, tafiyarta ta tsaya, aka ɗauka cewa sanyin arewa ya yi mata iyaka.

Kwatsam, daga shekarun 1980 zuwa 1990, sai ga ta a arewacin lardin, a ruwan da ake zaton ba za ta iya rayuwa ba. Wasu suka ce ɗumamar teku ce ta buɗe mata hanya. Amsar ta fito ne daga ilimin gadon halitta. Masanin nan Joe Roman ya duba sinadarin gado, wato DNA, na wani sashen ƙwayar halitta da ake gada ta wajen uwa kaɗai, wanda ke nuna tsatson kowace ƙaguwa kamar yadda zane ke nuna asalin mutum. A rahotonsa na 2006 ya nuna cewa ƙaguwoyin arewa ba jikokin na 1817 ba ne. Sababbin zuwa ne daga arewacin Turai, inda kakanninsu suka saba da sanyi, kuma alamu sun nuna sun iso ne cikin ruwan da manyan jirage ke ɗiba domin daidaita nauyinsu. Ido ba zai iya bambanta su ba, shi ya sa suka shiga gari ba wanda ya sani.

Muhimmancin wannan bincike shi ne, 'yan ƙalilan da suka kafa sabon mazauni kan zo ne da ɗan kaɗan daga arzikin gadon danginsu, wanda hakan kan taƙaita inda za su iya zama. Zuwan ayari na biyu ya cike wannan giɓi. Zuriyoyin biyu suka haɗu suka hayayyafa, kuma irin waɗannan ruwa-biyu ne aka gano a tsibirin Newfoundland a 2007.

A yammacin Amurka kuwa labarin ya sha bamban. An ga ƙaguwar a San Faransisko a 1989, bincike ya nuna daga gabashin ƙasar aka kawo ta. Duk da ƙarancin gadonta, igiyar ruwa ta ɗauki 'ya'yanta har suka kai Alaska a 2022. Carolyn Tepolt da abokan aikinta sun gano wani gungun ƙwayoyin gado da ake gadonsu a dunƙule, masu alaƙa da jure sanyi da zafi, waɗanda ake ganin suna taimaka mata wajen sabawa da kowane wuri cikin hanzari.

Darasin da hukumomi suka koya shi ne, kasancewar baƙuwa ta riga ta shigo ba dalili ba ne na barin ƙofa a buɗe, domin kowane sabon jirgi na iya kawo mata ƙarin ƙarfi. Yarjejeniyar duniya kan tsabtace ruwan daidaita jirage, wadda aka amince da ita a 2004 ta kuma fara aiki a 2017, ta tilasta wa jirage kashe abin da ke cikin ruwan kafin su zubar da shi a tashar wata ƙasa.