Zinariyar Birnin Gwari da Ramukan da Turawa Suka Bari

A bakin mahaƙa, zinariya dukiyar aljanu ce. Yau ka same ta, gobe ta gudu, musamman in rigima ta shiga tsakanin abokan haƙa. Ana kuma cewa Turawa sun toshe ramukan da suka fi albarka kafin su tafi, kuma ramukan suna nan cikin daji.

Akwai ƙamshin gaskiya a labarin Turawan. An fara haƙar zinariya ta zamani a Najeriya a 1913, ta bunƙasa a shekarun 1930, kuma Birnin Gwari na cikin wuraren da aka yi aikin. Yaƙin Duniya na Biyu ya durƙusar da harkar, kamfanoni suka watse suka bar ramuka, waɗanda mahaƙan gargajiya ke bi har yau a kewayen Tsohon Birnin Gwari.

Gudun zinariya kuwa, yanayin dutse ne. Tana kwance cikin jijiyoyin farin dutse da suka ratsa ƙasa, jijiyar takan yi kauri a nan, ta sirance a can, ta yanke. Wanda ya ci sa'a jiya sai ya wayi gari yana fasa dutsen banza.

Abin da ke damuna shi ne ran matasan da ke shiga ramuka marasa tokari, a dajin da 'yan bindiga suka daɗe suna karɓar rabo. Ga kuma gubar dalma: a 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, inda a lokacin ake niƙa dutsen zinariya cikin gidaje.